Shuɗin Zaren Kaka Peigi

Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya, iskar teku tana watsa shi ta gefe, amma Marsaili tana can gindin dutse a duƙe, da tsohon cokali a hannu tana kankare gansakukar da ake rina ulu da ita. Yatsunta sun sandare, ƙafarta ko takalmi babu, cikinta kuwa tun safe bai ga komai ba, domin Barabal, matar baffanta, ta ce kunu bai halatta ga wanda bai cika buhu ba. Wayyo maraici! Tana ƙarama teku ta cinye mahaifinta, baƙin ciki ya ɗauke mahaifiyarta kafin shekara ta zagayo, aka bar ta a gidan Baffa Tormod masaƙi, a ƙauyen Tolabost na tsibirin Harris. Shi Tormod ba mugu ba ne, mijin-ta-ce ne kawai. Idan matarsa ta ɗaga murya sai ya ƙara wa masaƙarsa sauri don kada ya ji. Ita kuwa Barabal 'yar mai kanti ce daga birni, ba ta taɓa tsoma hannu a tukunyar rini ba, kuma ba ta yarda 'yarta Annag ta tsoma ba. Wanki, kaɗi, rini, ɗebo ƙasar hura wuta a kwando... duk a wuyan marainiya.

Mutum ɗaya ce ke sa Marsaili ta manta da wahala, wato Kaka Peigi, uwar mahaifinta. Tsohuwa ce mai tsauri, amma in ta ga jikar ta shigo a jiƙe sai ta jawo ta cikin mayafinta, ta fasa waina gida biyu ta tura mata babban ɓarin. A saman gadonta akwai wata rigar matashin kai rataye a jikin azara, cike da zaren da babu irinsa a tsibirin. Ulu ne na wuyan tumaki, mafi laushi, ita ta kaɗa shi da hannunta, ta rina shi da shunin da ɗanta ya kawo mata daga tafiyarsa ta ƙarshe kafin ya nutse. Wani lokaci takan sauko da shi ta shafa, idonta ya kawo ruwa.

"Kin ga wannan, 'yar nan? Shunin ubanki ne. Ranar aurenki za a saƙa miki shi, mata su buge shi, ni da bakina zan sa masa albarka da sunanki."

Barabal tana bayan labule tana ji, kuma tun daga ranar zaren nan ya tsaya mata a rai.

Wata rana wani ɗan koli ya ratsa ƙauyen da jakarsa a baya, ya wuce. Washegari Kaka Peigi ta ɗaga ido ta ga azara wayam! Kafin ta gama salati irin nasu Barabal ta riga ta ɗage katifar Marsaili, ta zaro wani sabon matsefi mai ƙyalli ta ɗaga shi sama.

"To ga shi! Dama na ga wannan munafukar tana ƙus-ƙus da ɗan koli a bayan rumbu, na ce bari in ja bakina kada a ce na tsani marainiya!"

"Inna Barabal, ki ji tsoron Allah... ban taɓa ganin matsefin nan ba! Kaka, ki dube ni, Kaka!"

Tsohuwar ta dube ta, kuma gara a ce mari ta kai mata da wannan kallo. "Shunin ubanki kika bayar a kan abin taje kai? Abin da ya rage mini na ɗana ke nan a duniya... Tashi ki ba ni wuri. Kada bakinki ya sake kirana Kaka."

Marsaili ta zube ta riƙe ƙafarta tana kuka kamar ranta zai fita, tsohuwar ta janye ƙafar, ta juya fuskarta bango. Baffa Tormod yana can ɗakin saƙa, ƙarar masaƙa sai ƙaruwa take yi.

A ƙauye irin Tolabost, inda ko ƙofa ba a kullewa, a kira mutum ɓarawo ya fi a binne shi da rai muni. Ranar Lahadi da ta shiga coci, matan da ke kan bencin suka matsa har ƙarshe. A rijiya aka daina amsa mata gaisuwa. Ruari, saurayin da ya yi rantsuwa cewa ko teku ta ƙafe ba zai bar ta ba, ya fara ganin wani abu mai muhimmanci a sararin sama duk lokacin da suka haɗu a hanya. Da bazara ta zo, jirgin da ke kwasar 'yan mata zuwa aikin kifi ya tsaya, ta ɗaure 'yan tsummokaranta ta shiga, babu wanda ya raka ta bakin ruwa.

Haka ta yi shekaru tana bin tashoshin jiragen ruwa na Skotland, daga wannan gari zuwa wancan, tana tsaye a gaban kwamin katako tana farke cikin kifi tana jerawa a ganga. Ta naɗe yatsunta da tsumma, amma gishiri ba ya jin kunyar tsumma. Yakan shiga kowane yanka ya zauna. Sauran 'yan mata suna waƙa suna tsokanar matuƙa, ita kuwa in ta samu sarari sai ta juya wajen da tsibirinsu yake ta ce, "Ya Ubangiji, ban roƙe ka miji ba, ban roƙe ka gida ba... kada dai ka ɗauki ran tsohuwar nan tana ɗauka na cuce ta!" Wannan addu'a ita ce abincinta, har ranar da wata sabuwar zuwa daga tsibirin ta ba ta labari biyu a numfashi ɗaya: Kaka Peigi ta makance kuma jiki ya yi nisa, Ruari kuma zai auri Annag bayan girbi. Labari na biyu bai hana ta cin abinci ba. Na farkon ne ya sa ta ajiye wuƙa ta nemi jirgi.

Barabal ta tare ta a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. "Au, an dawo? Me ya rage ba ki ɗauka ba, azarar? Tsohuwa ta ce ko inuwarki ba ta so. Ja warin kifinki ki yi gaba!"

Seonag ce ta ɗauke ta, wata gwauruwa mai faɗin ƙirji da kaifin harshe, wadda ita ke ba da waƙa a duk bugun yadi na ƙauyen. Ta zuba mata dankali da kifi, ta zauna tana kallon hannayenta. "Ci, 'yar nan. Ni dai ban taɓa ganin ɓarawon da ya saci zare don matsefi, ya kuma bar matsefin a ƙarƙashin katifa ba. Amma na yi shiru a lokacin, kuma shirun nan yana cina."

A makon nan aka sa ranar bugun yadin ango. Tormod ya sauke shi daga masaƙa, baƙi-baƙi mai duhu, sai dai yadi ba ya zama tufa sai mata sun jiƙa shi da tsohon fitsari da sabulu sun buge shi a kan katako har ya tsuke ya yi kauri, kuma wannan ba aikin mace ɗaya ba ne. 'Yan mata duk suna wajen kifi, hannu ya yi ƙaranci. Seonag ta aika wa Barabal cewa in ba a zaunar da Marsaili ba, to ta nemi wata mai waƙar. Barabal ta ciji yatsa ta yarda, tana cewa a ranta ai ma ya fi daɗi, ta bugi rigar auren wanda ya guje ta da hannunta.

Da hantsi aka cire ƙyauren rumbu aka shimfiɗa shi a kan duwatsu, mata suka zauna layi biyu suna fuskantar juna, aka ajiye Marsaili can ƙarshe wajen ƙofa. Sai ga Tormod ya shigo ɗauke da Kaka Peigi kamar jaririya, domin al'ada ce mafi tsufa ita ke sa wa yadi albarka. Marsaili ta ga yadda ta rame, ta ga idanun nan sun yi fari fat, ta cusa mayafi a baki don kada kukanta ya fito. Seonag ta ɗaga murya, mata suka amsa, yadi ya fara zagayawa hannu zuwa hannu yana bin hanyar rana, dum... dum... dum! Marsaili tana bugu amma ba ta amshi ba, tana tsoron tsohuwar ta gane muryarta ta sa a kore ta.

Waƙa ta yi zafi, tsokana ta shigo. Wata ta ce, "Annag, a rage wa ango yadin hula, kunnuwan nan nasa ai sun isa su tare ruwa!" Wata ta karɓe, "Bar shi, in iska ta taso da su zai ja jirgi!" Aka fashe da dariya. Ana cikin haka wata tsohuwa ta ɗaga hannayenta ta ce, "Ke Barabal, wane irin rini ne wannan? Dubi hannuna kamar na share murhu!" Kowa ta duba nata. Baƙin ruwa ne ke kwarara daga katakon yana ɗiga ƙasa. Seonag ba ta tsayar da waƙa ba, sai ma ta ƙara mata sauri, idonta a kan yadin, mata suka ci gaba da bugu kamar an sa su dole. Baƙin yana fita, wani launi yana tasowa daga ƙarƙashinsa, har hasken ƙofa ya faɗo a kan ɓangaren da ke hannun Marsaili... shuɗi ne! Shuɗin da duk macen da ke wurin ta san mai shi.

Waƙa ta tsaya, bugu ya tsaya. Annag ce ta fara magana, cikin kuka da wauta: "Inna, ba kin ce kunkunniyar za ta kama ba?"

Rana dubu ta ɓarawo! Zaren nan shekara da shekaru yana cikin jinka inda Barabal ta cusa shi. Da aure ya matso ulu ya gaza, ta sauko da shi ta dafa shi da kunkunniyar bututun hayaƙi don ta ɓoye launin. Ina za ta san cewa kunkunniya haka kawai ba ta zama a zare, shuni kuwa ba ya tashi? Mai yi mata rini ai ita ta kore ta da hannunta.

"Me ya faru? Me ya sa kuka yi shiru?" in ji Kaka Peigi. "Ku miƙo mini yadin nan."

Aka ɗora mata gefensa a cinya. Ta bi shi da yatsu, ta ja silin zare ɗaya ta murza. "Wannan kaɗina ne... ko a kabari na san kaɗina! Wane launi ne? Ku gaya mini!"

Daga can bakin ƙofa wata murya ta ce a hankali, "Shuɗi ne, Kaka."

Wayyo! Ihun da tsohuwar nan ta yi, waɗanda suka ji shi ba su manta ba har suka mutu. Ta miƙa hannuwa tana laluben iska, Marsaili ta rarrafo ta faɗa jikinta. Tsohuwar ta kama hannayenta, ta ji duk sun farfashe sun yi kanta, ta ɗora su a fuskarta tana kuka. "Ni na yi miki wannan... ni! Kin riƙe ƙafata na janye. Lokacin ina da ido ban gani ba, 'yar ɗana. Ki yafe mini, ko da ban cancanta ba!"

"Ban taɓa riƙe ki a raina ba, Kaka. Ki dai ce in kira ki Kaka, shi ke nan."

"Kira... kira in ji!"

Barabal ta lallaɓa za ta fice, sai ta tarar da Tormod a ƙofa, kuma a karo na farko a rayuwarsa bakinsa ya buɗe. "Gobe akwai jirgi. Ki koma kantin ubanki." Seonag ta ƙara mata da guzuri: "Ko kin zauna, ki sani babu macen da za ta sake zama a katakonki a tsibirin nan. Ki bugi yadinki ke kaɗai mu gani!" Barabal ta tafi a jirgin da 'yarta a bayanta, babu wanda ya raka su bakin ruwa. Ruari ya zo bayan kwana biyu yana murza hula, Marsaili ta ce masa ya ci gaba da kallon samansa.

Amma a ranar, da yake ba a barin yadi rabi da rabi, mata suka share hawaye suka koma katako, Seonag ta ɗauko sabuwar waƙa, wannan karon da muryar Marsaili a cikin amshi. Da aka gama aka naɗe shi, Kaka Peigi ta ɗora hannu ta juya shi ta hanyar rana, ta sa masa albarka da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta kira sunan mai shi, Marsaili, da ƙarfi har na waje suka ji. A gaban dattawa ta ce rabon mahaifin Marsaili na gida da tumaki ya koma hannunta.

Sai dai shekarun da aka ci ba su dawo ba, idon ma bai dawo ba. Tsohuwar ba ta ga ƙarshen sanyin nan ba. Kullum Marsaili takan lulluɓe ta da shuɗin yadin a bakin murhu, ita kuma ta riƙa shafa shi tana tambaya, "Har yanzu bai koɗe ba?"

"Bai koɗe ba, Kaka."

"Ki ƙara faɗa..."

"Bai koɗe ba."

"A'a, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Ɗaya kalmar."