Atamfar Lefen Ni'ima

Ina tsakar gida ina bakacen gero, Ni'ima matar jikana Sagiru tana gefe tana yankan kuɓewa, sai ga sallamar Gwaggo Hassana. Tun daga yadda ta ja sallamar na san ba zumunci ne ya taso ta daga Jahun ba. Ƙanwar uban Ni'ima ce, ita ta riƙe ta tun tana 'yar shekara shida, ita kuma ta karɓi lefenta wata biyar da suka wuce, ta ɗaga kowane turmi ta duba shi a rana kamar mai sayen akuya.

Ko ruwan da aka ajiye mata ba ta kalla ba. Ta zaro waya daga jaka.

"Ni'imatullahi, matso nan. Ina atamfarki ruwan goro, mai zanen ganye, wadda na kai ɗinki da kaina?"

"Tana cikin akwati, Gwaggo. Ban ma taɓa sa ta ba."

"Tana cikin akwati? To wannan fa ta wace ce?"

Muka leƙa. Tallar wani wasan kwaikwayo ce da ake ta turawa a waya. Wata doguwar yarinya ce a gaban madubi, tana juyi tana murmushi, riga da zani da ɗankwali duk ruwan goro.

Na ce, "Hajiya, atamfa ai ba ɗaya aka buga a duniya ba."

"Iya, atamfa da yawa, amma ɗinkin fa? Dubi wuyan nan. Ni na zauna wa telan a ka har ya jera duwatsun! Matan layinmu ne suka kawo min, suna tambayata ko surukina ya fara rabon lefen 'yata ne a Dutse."

Ni'ima ta yar da wuƙa ta shige ɗaki. Muna jin ƙarar akwatuna, ɗaya bayan ɗaya. Da ta fito hannunta babu komai.

Sagiru dai maraya ne, ni na raine shi. Ya gama karatunsa ya yi shekara biyu yana gogar benci a bakin titi, sai kwanan nan wani ƙaramin kamfanin masu shirya wasan talabijin ya ɗauke shi gwaji, a matsayin mai kula da kayan sawa. Ban so ba da farko. Ƙato da shi, a ce aikinsa guga da ninke zannuwan mata! Amma aikin da zai fitar da yaro da safe ya dawo da shi a gajiye, ni ba na raina shi.

Na danna masa kira a 'yar wayata na ce ya zo yanzu, ko da wuta ce ta kama kamfanin.

Ya shigo da gumi, da allurar ɗinki a maƙale a aljihun riga. Yana ganin Gwaggo Hassana da waya a hannu ya durƙusa.

Na ce, "Ɗan nema, atamfar matarka ƙafa ta yi?"

"Iya, wallahi kuskure ne—"

"Ban tambaye ka sunansa ba. Yaya aka yi?"

Ya ce ranar da za a fara ɗaukar fitowar amarya, shi da hannunsa ya ƙona rigar da aka tanada da dutsen guga. Mako ukunsa ke nan a aikin. Ga darakta yana ihu, ga mutum ashirin suna jira a rana. Ya hau ɗan sahu ya zo gida, ya tarar Ni'ima ta tafi islamiyya, ni kuma ina barka a maƙwabta. Ya buɗe akwati ya ɗauka, da nufin ya dawo da ita kafin magariba.

"To wace magaribar?" in ji Gwaggo Hassana. "Ta bana ko ta baɗi?"

"Gwaggo, ban san da kontinuiti ba a lokacin. Ashe in an ɗauki mutum da kaya a fitowa guda, wato sin, dole da su zai ci gaba har a gama duk abin da ya faru a wannan yinin na cikin labari. Yini ɗaya ne a fim, amma mu yau kwana tara ke nan muna ɗaukarsa."

"Kwana tara!" Ni'ima ce, karon farko da ta yi magana. "Kwana tara kana cin tuwona, kana ce min sannu da gida, kayana suna jikin wata?"

"Ni'ima, sori, na so in faɗa miki—"

"Kada ka ce min sori! Ta fi ni tsawo, ta fi ni siranta. Yaya aka yi rigar ta zauna mata ɗas? Faɗa min!"

Ya sunkuyar da kai. "An ɗan kama ta da allura ta baya."

"Wa ya kama?"

Ba ta jira amsa ba.

"Wa ya ɗaura mata ɗankwalin? Wa ya gyara mata wuya? Ni ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa in sa ta ka gani ba, amma ka tsaya kana kallon wata tana juyi a ciki!" Ta fashe da kuka, irin wanda kafaɗa ke jijjiga.

Gwaggo Hassana ta miƙe ta gyara mayafi. "Ɗauko hijabinki. Motar Jahun ba ta ƙare ba. Wanda ya iya buɗe akwatin matarsa ya tufatar da 'yar fim, gobe sabon akwati zai kai gidansu. Ban yi rainon yarinya don a mai da ita ma'ajiyar kayan 'yan wasa ba."

Sai na ajiye faifai.

"Hajiya, zauna. A gidan nan ba a fita da amarya da rana tsaka ina raye ina kallo. Jikana ya yi laifi, ba zan wanke shi ba, sata ce ya yi ko da akwatin a ɗakinsa yake. Amma zancen akwai wata a ransa, a waya kika gani, ni kuma ban taɓa yanke hukunci a kan abin da ban taka na je na gani ba. Ku tashi. Wurin aikin nasa za mu."

Sagiru ya ce, "Iya, lokeshan fa, wurin ɗaukar fim, ba a—"

"Rufe min baki ka samo mana ɗan sahu."

Wani gida ne a Limawa, a gindin duwatsu. Na zata zan ga abin kallo, sai na ga wahala. Wayoyin lantarki a ƙasa kamar igiyoyin shanu, janareta yana hayaƙi, wani ya ɗaga doguwar sanda sama har hannunsa yana karkarwa. Kowa fuska a murtuke. Yarinyar tana zaune a kan kujerar roba a inuwar dabino, an yafa mata tawul don kada gumi ya ɓata rigar. Zulaihatu sunanta. Ba zan yi ƙarya ba, a fili ta fi kyau a kan yadda take a waya, kuma Ni'ima ma ta ga haka.

Tana hango Sagiru ta ɗaga hannu. "Yauwa Sagir! Ina ka shiga? Zo filis, allurar bayan nan tana sukata."

Na ji hannun Ni'ima ya damƙe nawa har ƙashi. Gwaggo Hassana ta ce, "Kin ji ko? Sagir! Har an yanke masa suna."

Sagiru bai je wurinta ba. Ya wuce kai tsaye gaban wani mai furfura a gemu da ke zaune a bayan ƙaramin talabijin, Malam Idirisu, shi ne daraktan. Ya rage tsawo, amma bai rage murya ba.

"Yallaɓai, kayan da ke jikin Zulaihatu na matata ne, na lefenta. Na ɗauko ba da saninta ba ranar da na ƙona rigar nan, kai kuma na ce maka aro na karɓo. Ƙarya na yi muku ku biyu. Na zo in mayar mata da abinta."

Kowa ya juyo yana kallonsa.

Malam Idirisu ya cire tabarau. "Ka san abin da kake faɗa? Sin biyu suka rage, yau da gobe. In aka cire kayan nan, aikin kwana tara ya zube, sai an sake daga farko. Kai kuma ka gama aiki a nan, kuma duk wanda ya tambaye ni kai a harkar nan, gaskiya zan gaya masa."

"Na sani, yallaɓai."

"Shekara nawa ka ce min ka yi kana neman aiki?"

"Biyu. Amma ba ni da ikon ba da abin da ba nawa ba."

Zulaihatu ta tashi ta shiga ɗaki. Jim kaɗan ta fito da doguwar rigarta, kayan a ninke a hannu biyu. Ta miƙa wa Ni'ima.

"Amarya, ki yafe ni. Wallahi da na san na lefe ne ko taɓawa ba zan yi ba. Ni ma in aka yi min haka, sai an ji mu a titi."

Ni'ima ta karɓa. Ta kai hanci, ta ji turaren da ba nata ba, hawaye suka sake zubowa. Ta juya rigar, ta ga alluran a jere a baya.

"Shi ya sa miki waɗannan?"

"Shi ya jera su a kan tebur, rigar ba ta jikina. Mijinki ko ɗankwali ne sai dai ya miƙo da tsinin yatsa, har tsokanarsa muke yi muna ce masa liman. Yau ma da mai kwalliyarmu ta zo, ba zan kira shi ba."

Gwaggo Hassana ta ja tsaki. "An samu kaya, sai mu tafi. Mu je, Ni'imatullahi."

Abin da zan yi na yi, na kawo ta ta gani. Saura nata.

Ta daɗe tana kallon mijinta, wanda ya tsaya a rana ya rasa inda zai sa hannuwansa. Sannan ta share fuska da gefen hijabi ta juya wurin darakta.

"Baba, yau da gobe ka ce?"

"Yau da gobe, 'yata."

"To na ba da aro. Ni na bayar, ba shi ba, a san da wannan. Kuma ni zan sa mata, ni zan cire, ni zan ɗaura ɗankwalin. Shi ya tsaya can bakin ƙofa."

"Ni'imatullahi! Kin haukace?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri. In aka kore shi, gidana zai dawo ya zauna, ni zan riƙa kallonsa."

Malam Idirisu ya mai da tabaransa. Ya ce da Sagiru ba a kore shi ba, amma ya bar wajen kaya, ya koma naɗe wayoyin lantarki da ɗaukar fitilu har sai ran da aka ga ya yi hankali. Ni na ce hukuncin ya yi sauƙi.

Gwaggo Hassana ita kaɗai ta hau motar Jahun, ko sallama ba ta yi min ba. Ni'ima ta yi kwana biyun nan a Limawa, tsaye a bayan Zulaihatu da allura a baki, ido ɗaya a kan ɗankwali, ɗaya a kan bakin ƙofa. Kada wani ya zata kishin ya tafi a ranar. Mako guda cur tana ajiye masa abinci ba ta kallonsa, shi kuma yana ci yana godiya kamar baƙo. Ban sa baki ba, ya cancanta. A rana ta takwas na ji dariyarsu ta taga, na ci gaba da kaɗin zarena.

Wata uku ya yi yana jan waya a rana, ya yi baƙi, ya rame, bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Sannan aka mayar da shi wajen kaya, aka tabbatar masa da aikin. Yanzu sunansa yana fitowa a ƙarshen shirin, Ni'ima ce ke nuna min shi da yatsa.

Ku 'yan mata, kishi ba laifi ba ne, wadda ba ta kishin mijinta ba ta san darajarsa ba. Amma kafin ki ɗauki hijabi ki nufi tasha, taka ki je ki gani da idonki, don masu kawo miki labari a waya ba su za su zauna miki zawarci ba. Ku kuma samari masu rawar kai a sabon aiki, ƙona riga ba ya kashe aure, aron zani ma ba ya kashe shi. Shirun kwana tara ne ya kusa raba jikana da matarsa. In ka yi ɓarna da safe, ka faɗa wa matarka kafin ka sa hannu a tuwonta.