Dama Kan Hagu

Don gaggawa, Tomoe ta juya zanen kimono, rigar gargajiyar Japanawa, dama ta koma hagu, ta loda wa manhajar da ke harhaɗa fuska, ido da tufafi tana fitar da dubban hotunan sayarwa, kowanne da bayanansa. Bayan ofis ya watse, ƙamshin turaren makoki ya cika ɗakin. Wata tsohuwa na tsaye bayanta.

"Ke, uban wa ya sa ki tara mu?"

"Kaka, fita kafin in kira mai gadi."

"Kin naɗe mana riga dama kan hagu. Gawa kaɗai ake yi wa haka."

Tomoe ta dubi wuyan tsohuwar, haka rigarta take naɗe. A allon kwamfuta sabon hoto yana fitowa, da fuskar Tomoe, rigar dama kan hagu.