Akwatin Wifi da Kiran Litinin

To, bari in ba ku labarin wata yarinya a unguwarmu ta New Bell. Ba zan faɗi sunanta ba, don har yanzu kunya take ji.

Gidansu akwai wifi. Ɗan farin akwati ne a kan taga, da 'yar fitila koriya. Shi ke ba su intanet, shi ke kawo hoto a talabijin.

A bayan bangonsu akwai ɗakin wata dattijuwa. Kowa Tsohuwa yake ce mata. Wayarta ba ta da sim, sai dai ta kama wifin ta cikin bango. Baban yarinyar ne ya haɗa mata.

Ɗan Tsohuwa, Yusufa, goro yake sayarwa a Bamenda. Lokacin ana rikici a can. Duk Litinin kasuwa a rufe, ba mai fita. Sai ya zauna a ɗaki ya kira uwarsa ta bidiyo. In ta ga fuskarsa, ta ci abinci. In ba ta gani ba, ba ta ci.

Ana nan sai Baba ya sami gida a Bonaberi, ƙetaren kogi, kusa da kasuwar Grand Hangar. Ranar Lahadi aka ɗaure kaya.

"Baba, akwatin wifi fa?" in ji yarinyar.

"Bar shi nan. Sai na je ofishin kamfanin wifin tukuna."

"Ai namu ne."

"Na ce ki bar shi, 'yar nan."

Baba ya fita wajen masu loda kaya. Yarinyar ta kalli akwatin. Sabon gida ba talabijin? Ina. Ta zare wayoyin, ta naɗe shi a ɗankwali, ta cusa a bokiti ƙarƙashin tukwane.

Da suka isa Bonaberi, ta faki ido ta jona shi. Fitilar ta kawo ja. Ta juya shi, ja. Ta hura masa iska, ja. Sai ta ɓoye shi bayan buhun shinkafa.

Washegari Litinin, da ta dawo daga makaranta, wayar Baba ta yi ƙara. Mairo ce, jikar Tsohuwa. Muryarta har tsakar gida.

"Kawu, wifin ya mutu ne? Tun safe Tsohuwa ke riƙe da waya. An ce jiya an yi harbi a Bamenda. Na kira layin Yusufa da ƙaramar wayata, ba ya shiga. Ko ruwa ta ƙi sha."

"Ikon Allah. Ai akwatin yana nan a taga," in ji Baba.

Yarinyar ta miƙe. Ta je bayan buhu, ta ɗauko akwatin, ta ajiye gaban Baba.

Mama ta riƙe haɓa. "Yau ga aiki. Har da ɗankwalina?"

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ya yi miki aiki?"

"A'a."

"Ba zai yi ba. Layin a wancan gidan yake. Sai kamfani sun mayar da shi nan. Ni kuma na jinkirta ne saboda Litinin ɗin Tsohuwa."

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ki tambaya ba dai. Sa takalminki."

Suka hau bensikin, wato mashin ɗin haya. Suka haye gadar kogin Wouri. A unguwar Deïdo motoci suka cushe. Yarinyar ta ƙanƙame akwatin a ƙirji, tana ta kallon rana tana yin ƙasa.

Makullin tsohon gidan yana hannun Baba. Suka buɗe, ta jona wayoyin da kanta. Ja. Ja. Can sai kore.

Ta bayan bango suka ji waya tana ƙara. Suka zagaya da sauri.

"Inna, ina kika shige?" Yusufa ne a cikin wayar. "Tun safe nake kira. Na ɗauka ba ki da lafiya."

"Ni zan tambaye ka. Matso da fuskarka in gani. Ka rame."

"Ban rame ba, gilashin wayarki ne ya fashe."

Tsohuwa ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi. "Mairo, ina abincin nan?"

Yarinyar ta durƙusa. "Kaka, ni ce na ɗauke akwatin. Ki yafe mini."

"Ke ce, ƙawata? To, horonki ki zauna ki taya ni ci."

Da safe Baba ya tafi da ita ofishin kamfanin. Matar da ke teburi ta ce, "Transfert ou résiliation?" Wato a mayar da layin sabon gida, ko a yanke shi.

"Ko ɗaya," in ji Baba. "A sa sunan Mairo, a kai akwatin ɗakin kakarta. Mu a buɗe mana sabo a Bonaberi."

Sabon layin ya ɗau lokaci kafin ya zo. Yarinyar ta sha zama ba talabijin, ta haƙura. Ranar da fitilarsu ta kawo kore, Tsohuwa ce ta farko da yarinyar ta kira.

Kun ji dai. In babba ya ce a bar abu, a bar shi. In ba ku gane dalili ba, ku tambaya. Abin da kuke cewa naku ne, wataƙila wani ma da shi ya dogara.