Ranar da Na Rina Ƙanena

Na rantse ba za ku yarda ba, amma ni nan na taɓa ɗora wa lafiyayyen yaro ciwon shawara da hannuna.

A wancan zamani muna zaune a wani gari mai sanyi can kan dutse, inda kakarmu ke noman za'afaran, wani fure mai tsada da ake sa zarensa a abinci don launi da ƙamshi. Wata rana na ɗebi jajayen zaren furen da ta shanya, na jiƙa, ruwan ya koma rawaya. Ƙanena Auta yana barcin rana, na shafe shi daga goshi har tafin ƙafa, sannan na kwarma ihu: "Shawara ta kama Auta!"

Inna ta fito ta ɗora hannu a ka. Na yi shiru. Aka kira wanzami, ya duba ya ce, "Jinin ya ɓaci, sai an tsaga." Na yi shiru. Ya fara wasa aska, Auta na kuka yana cewa, "Yaya, ka cece ni!" Ni kuwa na ƙara cusa hannuwana cikin aljihu.

Aska ta kusa taɓa fata, sai Kaka ta sunkuya ta shinshina yaron.

"Dakata, Sarkin Aska. Tun da nake ban taɓa jin shawara mai ƙamshi ba." Ta juyo kaina. "Kai, ja'iri, fito da hannuwanka."

Suka fito rawaya kamar garin ɗorawa.

Ta kama kunnena ta ce, "Kowane fure zare uku kaɗai yake bayarwa. Ga gona can. Tsuguna ka tsinko, sai ka mayar min da duk abin da ka jiƙa."