Binciken Baffa Buba

Ku yi mini afuwa tun kafin mu yi nisa. Ni Sakinatu karanta littafi na iya, rubuta shi ban taɓa gwadawa ba sai yau. In kun ga magana ta karkace, ku gyara a zuci.

A shekarar da na gama kwalejin malamai ne Abdussamad ya aiko gidanmu a Bakori neman aurena. Ma'aikaci ne a wurin gurzar auduga a Funtua, mutum mai sanyin murya. In ya zo zance, sai ya tambaye ni inda na tsaya a littafina kafin ya tambayi lafiyata. Abin da ya sa na so shi ke nan.

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. An riga an kawo masa magana, wai duk Asabar da rana Abdussamad yakan shige wani ɗaki a bayan shagon Lamidi mai gyaran rediyo a can Funtua. A rufe ƙofa, a saki labule, sai ihu. Masu fitowa kuma jiƙe da gumi. Baba ya ɗora wa ƙanensa Baffa Buba bincike, ya ce in aka gama cirar auduga bai ji gamsasshiyar magana ba, a mayar wa mutane da goronsu.

Gidanmu gidan malamai ne, ko kalangu ba a bugawa a bikinmu. Kakata Tsohuwa ta taɓa gaya mini a asirce cewa Baffa ya yi garaya da ƙuruciya, yana bin gayyar noma har ƙauyukan Malumfashi. Baba ne ya kama shi, ya take garayar a gaban kowa. Tun ranar ba a ƙara jin Baffa ko da fito ba.

Baffa ya tafi Funtua, ya dawo ya ce bincike bai ƙare ba. Wata Asabar ma haka. Ya koma yana sa rigarsa mai aska biyu in zai tafi, ya dawo idanu jawur, rigar tana warin taba, alhali shi ba ya sha. In na kai masa tuwo ba ya yarda mu haɗa ido. Ni kuwa ba abin da ban saƙa ba: giya ce? Caca? Ko irin finafinan da ba a faɗa? Har na fara zargin Abdussamad ya saye Baffa ne.

Farin gonaki ya fara raguwa, ni ma na fara ramewa.

Da Abdussamad ya zo zance, na daure na tambaye shi me yake yi a ɗakin nan.

"Hasken idona, ba abin kunya ba ne…"

"To faɗa mini."

"In na faɗa, Baba ya tambaye ki, ƙarya za ki yi masa?"

Na kawar da kai gefe.

"Kin gani? Ba na so in ɗora miki."

"Ka riga ka ɗora mini wanda ya fi shi nauyi," na ce, na shige gida ina kuka ban yi masa sallama ba.

Asabar ta gaba na ce wa Inna zan mayar wa Funmilayo littafinta. Tare muka yi kwaleji, kuma 'yar Lamidi ce. Da na gaya mata abin da ya kawo ni sai ta kwashe da dariya, ta ce 'yar malam ta zama ɗan sanda. Ta ja ni ta cikin gidansu zuwa wata 'yar taga, ta ɗaga gefen labule, ta tafi abinta.

Ɗaki ne ƙarami, maza cike a kan benci, dukansu sun zuba ido ga talabijin. Bidiyo ne na wani wasan kiɗan Turawa, irin wanda suke kira rok, wani ɗan'uwan Lamidi ya aiko da kaset ɗin daga Ikko. Jama'ar da ke filin ta ninka kasuwar Funtua, hannuwa a sama kamar dawa in iska ta bi ta kanta. A kan dandamali ga mai ganguna ba riga, ga wani siriri mai dogon gashi rungume da jita. Ya rufe ido, ya lanƙwashe baya, jitar tana kuka kamar mutum.

Sai na hangi Abdussamad ɗina mai sanyin murya. A tsaye yake, hula a hannu, yana bin waƙar baki da baki. Kafin mai gangunan ya sauya bugu ya riga ya ɗaga yatsa, ya san wurin. Ban taɓa ganin farin ciki haka a fuskarsa ba, har na ji ɗan kishi.

A bencin gaba kuwa, daf da talabijin, Baffa Buba ne.

Ya roƙi Lamidi ya mayar da kaset baya, wurin da siririn yake kiɗa shi kaɗai. Lamidi ya ce, "Malam Buba, kai za ka tsinka mini kaset ɗin nan!" Aka yi dariya, aka mayar. Yatsun Baffa na hagu suka hau gudu a kan gwiwarsa, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Abdussamad ya dafa kafaɗarsa.

Can na lura ƙafata ma tana bin gangar. Na saki labulen.

A motar komawa gida zargi ya tafi, tsoro ya maye gurbinsa. Ba giya, ba caca. Amma a wurin Baba, kiɗa ƙanensu ne. Yanzu na gane jan ƙafar Baffa: in ya faɗi gaskiya ya rushe aurena, in ya yi ƙarya ya ci amanar yayansa. Ko kuwa dai kallon ne ba ya so ya ƙare? Har yau ban tabbata ba.

Ranar da aka ɗaure buhun audugar ƙarshe, Baba ya kira Baffa zaure bayan la'asar. Inna ta ba ni ruwa in kai musu. Na tsaya a bayan ƙofa da kwanon a hannu.

Baffa ya ce ya bincika: yaron yana salla a kan lokaci, ba ya sha, ba ya bin mata, shi ke riƙe da mahaifiyarsa. Baba ya ce ba wannan ya tambaya ba, ɗakin fa?

"Kiɗa suke kallo, Yaya. Na Turawa."

"Kiɗa."

"Kiɗa. Shi ne kaɗai aibinsa, yana sonsa kamar ransa. Ni ma da ka aika na zauna na kalla, kuma ba sau ɗaya ba. In za ka hana shi Sakinatu a kan haka, ka fara da ni, don na fi shi laifi."

Kwanon ya karkace a hannuna. Ruwan ya fara zuba a kan yatsuna. Ina jin ƙarar carbin Baba, sai kuma ta tsaya.

"Shi Baturen mai kiɗan," Baba ya ce a hankali, "ya kai ka iyawa?"

Baffa ya ce, "Tsirkiya shida gare shi, Yaya. Ni biyu ce tawa…"

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Bai kai ni ba."

Na ji wani sauti da ban san Baba da shi ba, tsakanin dariya da tari. Ya ce shi dai ba a buga masa komai a ƙofar gida. Abin da mutum ya yi a Funtua kuwa, Funtua da nisa. Sannan ya ce Baffa ya aika wa mutanen Abdussamad su zo a sa rana.

Baffa ya fara godiya, kuka ya ci ƙarfinsa. Na leƙa ta tsagar ƙofa, na ga Baba ya juya fuska ga bango, amma hannunsa yana kan hannun ƙanensa, a kan yatsun nan na hagu.

Na ajiye kwanon a bakin ƙofa, rabinsa ya zube. Na tuɓe takalmana na riƙe a hannu, na sulale cikin gida kafin ɗayansu ya ɗago kai.