Ranar da Tanderun Malam Cindo Ya Huce

Tayyiba na wanke-wanke a tsakar gida Baffa Hamza ya yi sallama ya shigo. Ta shimfiɗa masa tabarma kusa da ƙofar ɗakin mahaifiyarta, domin Inna A'i tana cikin takaba, ba ta fita ko zaure.

Malam Cindo, mahaifin Tayyiba, bai daɗe da rasuwa ba. Ya bar musu gida, da gona a Gagarawa, da ɗan gidan burodi a nan Gumel mai ma'aikata uku: Manu da Bilal masu kwaɓi, sai Yazid mai gasa. Yazid a hannun Malam ya tashi, kuma tun da ransa ya ba shi Tayyiba, sa rana kawai ya rage.

Bayan gaisuwa Baffa ya gyara zama ya ce, "Maganar yaron nan ce ta kawo ni. Yanzu ni ne waliyyi, kuma ba zan ba da 'yar ɗan'uwana ga mai karɓar ladan yini ba. Yau a samu, gobe fulawa ta yi tsada a ce masa sai haƙuri. Ya nemo aikin albashi tukuna."

Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Alhaji, ai marigayi da bakinsa ya ba shi."

"Allah ya jiƙansa. Ni ban ce na fasa ba. Akwai kamfanin zoɓo da riɗi a Maigatari, suna ɗaukar mutane, na kuma san manajan. In ya fara karɓar albashi sai a zo a sa rana."

Da yamma Yazid ya zo zance, Tayyiba ta gaya masa. Ya ce, "To tanderun fa? Wa zai tsaya a kai?"

"Manu ya ɗan iya, ni ma zan riƙa zuwa. Ka je kawai, in dai shi ne zai sa a ƙyale mu."

Da bakinta ta tura shi. Wannan ne abin da ya fi ci mata rai daga baya.

A ƙarshen wata Yazid ya zo mata cikin rigar kamfani, da katin aiki rataye a wuya. Tun kafin ya zauna ya miƙo mata waya yana murmushi.

"Duba alat. Abin da nake samu wajen Baba Malam a wata uku, ga shi a wata ɗaya. Ban da obataim, ga kilinik kyauta in mutum ya kwanta."

Ta yi dariya ta ce, "Ranka ya daɗe mai albashi. Yanzu kuma sai mun nemi izini kafin mu gaishe ka ko?"

"Ke dai an yafe miki layi."

Ranar ta shiga gida da farin ciki, har Inna ta ɗaga hannu ta yi masa addu'ar ƙarin buɗi.

Ba a daɗe ba, wata safiya ta isa gidan burodi ta tarar ba a kwaɓa ko buhu ɗaya ba, ba a hura wuta ba. Manu da Bilal suna tsaye a bakin ƙofa, kowa da jakarsa.

Manu, wanda ya girme ta nesa, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "'Yar Malam, ki yafe mana. Kin san iyali gare ni, kin kuma san yadda hatsi yake a kasuwa. Yazid ya kai sunanmu kamfani, yau za mu fara."

"Yazid?"

Bilal ya ce, "Ai duk wanda ya kawo musu ma'aikata ana ƙara masa wani abu a albashi. Mu mun ɗauka kin sani."

Bayan sun tafi ta shiga ta ɗora hannu a jikin tanderun. Tun tana yarinya ba ta taɓa iya taɓa shi ba saboda zafi, yau kuwa ɗumi-ɗumi kawai ya rage. Masu shayi suka yi ta zuwa suna komawa hannu wofi.

Kafin mako ya zagayo Baffa ya iso wurin da wani mutum, suna zagayawa suna auna faɗi da tsawo. Da yake Malam bai bar ɗa namiji ba, Baffa na da rabo a gadon, kuma tun ranar sadakar bakwai yake son a sayar a raba. Inna ce ta ƙi, ta ce da wurin suke ci.

Ya dubi Tayyiba ya ce, "To ga shi ya mutu da kansa. Sai a sayar tun yana da daraja."

Washegari ta shiga motar Maigatari. Ta tsaya a bakin get ɗin kamfani cikin rana, manyan motoci na shiga da fita, har aka tashi sallar azahar. Da Yazid ya hango ta sai ya ƙaraso da sauri.

"Lafiya? Me ya kawo ki nan?"

"Ka kwashe mana Manu da Bilal, ko a waya ba ka gaya min ba."

Ya ɗan ɗaure fuska. "To cutar su na yi? Ke kanki kin san gidan burodi ba zai iya biyan rabin abin da ake ba su a nan ba. Buhu nawa kuke kwaɓawa a yini? Nan tirela ake lodawa zuwa ƙasar waje."

"Ban ce ka cuce su ba, Manu na da gaskiyarsa. Abu ɗaya nake tambaya: ka san Baffa zai kawo mai saye?"

Ya kama katin wuyansa yana jujjuyawa. Ta jira.

"Ya ce in wurin ya tsaya za a sayar a raba, shi kuma ya sa mana rana nan da nan. Don mu na yi, Tayyiba. Rabonki ma kaɗai ya isa kayan ɗaki—"

"Kayan ɗaki." Ta katse shi. "Inna kuma ta ci me? Tana can cikin ɗaki tana takabar mutumin da ya koya maka riƙe gwangwanin burodi, kullum sai ta sa ka a addu'a. Tun ranar da ka ce min 'wa zai tsaya a kan tanderu', ka riga ka sani?"

Ya kau da kai. Ta juya ta tafi, yana kiran sunanta ba ta waiwayo ba. A mota ta rufe fuska da hijabi ta yi kuka har Gumel.

Da ta gaya wa Inna, ita ma ta zubar da hawaye, sannan ta share ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Kada ki zagi kowa. Gobe ki je ki hura wutar nan."

Tayyiba ta nemo maƙwabtansu biyu, Rahamatu da Ummulkhair, ta gaya musu gaskiya: "Ba ni da albashin kamfani. Amma duk buhun da muka kwaɓa, ribar a gabanku za a raba." Burodin farko ya ƙone, na biyu bai tashi ba, suka karya farashi suka sayar. Hannayenta suka cika da tabon ƙuna. A hankali dai burodin ya daidaita, masu shayi suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Da Inna ta fita takaba ta kai maganar gaban liman da dattawan unguwa, aka ba Baffa gonar Gagarawa a madadin rabonsa, ya cire hannu daga gidan burodin.

Shi kuwa Yazid aiki ya karɓe shi, har aka yi masa sufabaiza. Wata la'asar ya tsayar da sabon babur a ƙofar gidan burodi, Tayyiba ta fito da fulawa a hannu.

"An ƙara min girma, Tayyiba. Baffa ya ce in turo manya. Ki daina wahalar nan, albashina ya ishe mu har da Inna."

"Allah ya ƙara buɗi, da gaske nake. Da aikinka kawai ka je ka yi, da yau babu wadda ta kai ni murna. Amma ka zauna da Baffa kun ƙulla yadda za a kashe abincinmu, sannan ka zo kana min dariya a zaure. In na aure ka, duk ranar da ka yi min murmushi sai na tambayi kaina me aka ƙulla. Kada ka turo kowa. Kayan neman auren da kuka kawo, Inna za ta mayar muku gobe."

Ya daɗe a tsaye. Ita kuwa ta koma ciki, domin burodi na kan wuta.

Bayan shekara ta auri Abdulbaqi, wani malamin firamare daga Sule Tankarkar, wanda tun zuwansa na farko ya gaya wa Inna ɗan abin da yake samu bai ƙara ko kwabo ba. Suna zaune lafiya, gidan burodin kuma yanzu mata shida ke ci a cikinsa.

'Yan'uwa matasa, babban kamfani ya fi ƙaramar sana'a biya, wannan gaskiya ce, kuma babu laifi mutum ya nemi inda zai fi samu. Manu ya tafi, har gobe ana gaisawa da shi, domin ya tsaya ya yi sallama. Yazid ya samu albashin, ya samu girman, amma ya ci amanar gidan da ya rene shi, kuma babu kamfanin da ke biyan abin da zai sayo masa yardar da ya zubar.