Ranar da Turare Ya Ajiye Tiyo

Ranar da ta fara ganinsa, hannunsa na dama naɗe yake da tsumma, jini na ɗiga a kan siminti, kuma duk tsawon bencin asibitin shi kaɗai ne a zaune. Mutum takwas ne a kai kafin ya iso. Yana zama suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka koma jikin bango suna toshe hanci, alhali sai da ya yi wanka kafin ya fito, ƙamshin sabulu ma yake yi.

Auta ta leƙo daga ɗakin gwaji. Watanta ɗaya da gama makaranta ta dawo gida, aka ɗauke ta aikin gwaje-gwaje a ɗan asibitin garin.

"Ba wanda zai duba shi ne?" ta tambayi nas.

Nas ta taɓe baki. "Turare ne fa, mai kwasar masai. Miƙa masa auduga daga nesa, ya saba."

Auta ta koma ciki. Ta ɗauko bandeji da ruwan wanke ciwo, ta zauna kusa da shi, ta kama hannun. Gefen kwanon rufi ne ya yanke shi. Ya yi tsuru-tsuru kamar wanda aka kama yana sata.

"Ba kya ƙyama?" ya tambaya a hankali.

"Ƙyamar me? Abin da kake kwasa da tanki, shi ake kawo min a 'yar roba kowace safiya in sa ido a madubin gwaji in leƙa. Bambancina da kai farar riga ce kawai."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, mutanen jikin bango suka ƙara tsuke fuska.

Garin ƙarami ne, tsakanin dutse da rafi. Titin kwalta ɗaya ya ratsa shi, gonaki sun zagaye shi, itatuwan mangwaro sun yi layi har bakin gada. In ka hango shi daga saman dutsen sai ka ce a nan za ka tsufa. Sai ka zauna da mutanen za ka sha mamaki. Mutum ne zai fyace majina ya goge a jikin ƙofar shagon maƙwabcinsa, ya juyo yana ba da labarin ƙazantar wani. Su ne suka laƙaba wa yaron nan Turare don tsokana, har aka manta sunansa na yanka.

Wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, da wata tsohuwar ƙaramar mota mai tanki da injin zuƙa. Ya gaji har da yadda tsohon yake aiki. Masan kowane gida a kansa yake. Ya san na gidan tela ba shi da zurfi saboda an tarar da dutse, ya san gidan direba mutum goma sha biyar ne, wata biyar ya cika. Ba ya jiran kira. Kafin rami ya kawo wuya zai biyo ta lungun baya da tsakar rana, lokacin maza na gona da kasuwa, ya zura tiyo, ya zuƙe, ya wanke wurin da magani, ya tafi. Haƙƙinsa a kan katanga ake ajiye masa a danne da dutse. Ta haka duk garin ba wanda ya taɓa zuwa ƙofarsa neman aiki, ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

Bayan mako guda saƙo ya shigo wayar Auta.

"Farar riga, hannu ya warke. Amma ina tunanin sake yankewa ko zan samu a duba ni."

Ta mayar masa: "Ka kuskura. Allurar da zan sa a yi maka sai ka kwana uku ba ka zauna ba. Ka ci abinci, Injiniya?"

"Ni ne Injiniya?"

"Wanda ya riƙe ramukan gari guda a kansa ba takarda, me za a ce masa?"

Daga nan suka fara haɗuwa a bakin gada da yamma, in ta tashi aiki. Yakan zo da rigarsa a goge, ya zauna ɗan nesa da ita, sai ita ta matso. Wata rana ya ce mata, "Tun rasuwar Babana ba wanda ya zauna kusa da ni don yana so, sai ke."

"To ka saba," in ji ta, "don ba inda za ni."

A ƙaramin gari magana ba ta kwana. Mahaifin Auta shi ne mai gidan burodi, shekara talatin duk garin burodinsa ake ci. Wata safiya mai shayi ya dawo masa da tire guda cur, ya ce masu shan shayi sun ce ransu bai kwanta ba. Wannan mai shayin kuwa a ruwa ɗaya yake ɗauraye kofuna tun safe har yamma, ruwan har kauri yake yi.

Mahaifin ya kira ta ɗakin fulawa.

"Auta, ban ce yaron nan ɓarawo ba ne, ban ce mashayi ba ne. Amma abinci muke sayarwa. Wa zai ci burodin gidan da surukinsu mai kwasar masai ne? So kike in rufe?"

"Baba, ai ni ma aikina ke nan."

"Naki da farar riga ne. Kada ki sake kawo min wannan maganar."

Gwaggonta kuwa, ƙanwar mahaifin, tuni tana da nata ɗan takarar, ɗan mai gidan mai. Yakan zo da mota ya faka a ƙofar gida ya yi ta hon, ba ya fitowa. Ya tara farce ɗaya dogo da yake sakace haƙori da shi, ya duba abin da ya fito, ya goge a sitiyari. Auta in ta hango motarsa sai ta koma ciki.

Gwaggo ce ta je har inda Turare yake wanke tanki. Ta tsaya can nesa, mayafi a hanci, ta ɗaga murya.

"Kai yaro, ita kanta yarinyar kunyarka take ji, nauyin baki ne ya hana ta faɗa. Jiya kuka ta yi ta yi a ɗakina. In da gaske kake son ta, ka bar wannan ƙazantar."

Ƙarya take yi, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Shi kuma ya yarda, don duk rayuwarsa bai taɓa jin wata magana a kansa ba sai irin wannan. Washegari ya naɗe tiyo, ya lulluɓe motar da tamfol, ya tafi wurin masu buga bulo ya nemi aiki. Ya tura wa Auta saƙo:

"Farar riga, na ajiye tiyo. Ba za ki sake jin kunya saboda ni ba."

Ran Auta ya ɓaci. Ta rubuta: "Yaushe na ce ina jin kunyarka? Ashe kallon da kake min ke nan, irin nasu?"

Ya karanta ya ɗauka kara ce take yi masa, bai amsa ba. Ita kuma ta ɗauki shirun nasa a matsayin amsa. Suka daina zuwa gada. Da labari ya kai kunnen mahaifinta, abin da ya ce kawai shi ne, "Ai ko ya bari, tsohon mai kwasar masai za a ce."

Damina ta sauka da ƙarfi.

Mako uku ba wanda ya lura. A na biyar masan gidan tela ya tumbatsa. Na gidan direba ya bi. Mutane suka riƙa ajiye haƙƙi a kan katanga suna danne shi da dutse kamar yadda suka saba, suna jiran abin ya kwashe kansa. Wasunsu, wallahi, ba su ma san ranar da ake zuwa musu ba. Aka aika babban gari neman mota, direban ya zo ya ga lungunan ya ce tasa ba za ta shiga ba, ya juya.

Garin ya ɗauki wari. Ruwan sama in ya sauka sai ya kwaso abin ya bi kwata da shi, ya shimfiɗa a bakin titi inda ake kasa tumatir. Tsutsotsi suna rarrafe a gindin katangu, ƙudaje sun yi baƙi a kan tiren mai nama. Maza suna zaune a inuwar mangwaro, riga a hanci, suna zagin Turare wai ya yi musu girman kai. Duk cikinsu ba wanda ya ce bari ya taka ya roƙe shi. Ɗan mai gidan mai ya zuge gilashi, ya ce shi ya tafi birni sai rani.

Sai yara suka fara amai da gudawa. Bencin asibiti ya cika, har a ƙasa ake kwantar da su ana ƙarin ruwa. Cikinsu har da 'yar yayan Auta, jikar mai burodi, mai shekara uku.

Ranar da mahaifinta ya zo duba jikar, Auta ta kama hannunsa ta shiga da shi ɗakin gwaji.

"Baba, sa idonka a nan."

Ya sunkuya ya leƙa madubin. Wasu abubuwa ya gani suna motsi, suna iyo. Ya ɗago da sauri. "Wannan na cikin yarinyar ne?"

"A'a. Daga rijiyarmu na ɗebo da safe. Ruwan da ake kwaɓa fulawa da shi, wanda muke sha. Masanmu ya cika tun makon jiya, yana tsiyaya ta ƙasa."

Tsohon ya fita waje ya dafa bango, ya yi ta kakarin amai. A ranar ya kashe wutar gidan burodi.

Ita kuma ta wuce wurin masu bulo. Ta same shi ya rame, siminti har gira.

"Wa ya ce maka ina jin kunyarka?"

"Gwaggonki. Ta ce kin yi kuka a ɗakinta."

"Rabona da ɗakinta tun ina firamare! Kai ma sai ka yarda? Ba ka tambaye ni ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ji tsoron ki ce gaskiya ne."

Hawaye ya zubo mata. "Injiniya, yara suna kwance. Ka koma aikinka. Ni da tiyon na gan ka, da shi nake son ka."

Ya kakkaɓe simintin hannunsa. Can ya ce, "Zan koma. Amma na daina bin lungun baya kamar ɓarawo. Duk mai so ya zo ƙofata ya yi sallama."

Ta kai wa mahaifinta saƙon yadda yake, ba ta rage ba.

Da hantsi mai burodi ya sa hularsa ya bi tsakiyar titi, 'yan inuwar mangwaro suna bin sa da ido. Ya tsaya a ƙofar gidan da bai taɓa takawa ba, ya yi sallama sau biyu. Turare ya fito. Tsohon ya miƙa masa hannu. Yaron ya tsaya yana kallon hannun, sai da tsohon ya kamo nasa da kansa.

"Ɗana, na zo roƙo. Masaina ya cika, jikata tana kwance."

Ta ƙofar gaban gidan mai burodi motar ta tsaya ranar. Da tiyon ya yi nauyi, mai burodi ya naɗe hannun riga ya tallafa, warin na dukansa, bai saki ba. Da suka gama suka wanke hannu da sabulu ɗaya. Turare ya nuna masa inda ramin ya tsage, ya ce a rufe rijiyar sai an gyara an zuba magani.

Tsohon ya goge hannunsa ya ce, "Ka turo manyanka. Sharaɗina ɗaya ne. Kada ka sake barin aikin nan."

Kafin la'asar layi ya kai bakin titi a ƙofar Turare. Tela, direba, mai shayi, har mijin Gwaggo, kowa na sallama da murya mai daɗi kamar dama can abokai ne. Mako biyu yana aiki ba hutu. Jikar mai burodi ta tashi, sauran yaran ma aka sallame su.

Bayan damina aka ɗaura aure. Waɗanda suka mayar da burodi su ne a sahun gaba wajen cin abinci, wasu har da ƙullawa a leda. Mai shayi ya gaisa da ango, ya juya baya ya goge tafinsa a riga, yana zaton ba a gani ba. Halin wasu ko ruwan rafin garin duka ba zai wanke shi ba.

Amarya tana ɗaki saƙo ya shigo.

"Farar riga, an ɗaura. Yau kam ke ce kike ƙamshi, ni ina ta gumi."

Ta rubuta: "Mijina, ka zo da guminka. Ina jira."

Da za a tafi da ita, mahaifin ya rako su har bakin mota. Ya kama hannunta ya ɗora a kan na angon, ya haɗa ya riƙe da nasa biyu.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku zuriyar da ba za ta ɗauko halin mutanen garin nan ba." Ya dubi ango. "Har da nawa."

Auta ta fashe da kuka, ango ya ce amin.